Yadda Kifin Malam Bitrus Ya Kai Ni Damagaram

Tun da Allah Ya dawo da ni gida, ban zauna a majalisarmu ta ƙofar gida ba face wani ya gyara zama ya ce, "Alhaji, wai da gaske ne saboda kifi ka ƙetare iyaka?" Na amsa wa mutum guda, na amsa wa goma, har na lura labarin ya fara tsiro da rassan da ba ni na dasa su ba. Wani ya ce an tsare ni kwana biyu a kan iyaka, wani ya ce bajimin sa na sayar. Saboda haka na ga ya dace in rubuta al'amarin da hannuna sau ɗaya, yadda ya auku, domin duk wanda ya sake tambaya a miƙa masa takarda, ni kuwa a bar ni in huta.

Ni malamin dabbobi ne mai ritaya, haifaffen Gumel. Shekara talatin da biyar na yi ina duba shanu da raƙuma da tumaki tsakanin Gumel da Maigatari da Sule Tankarkar, kuma da wuya a sami rugar da ban sha nono a cikinta ba. Ban kawo wannan don alfahari ba, sai don mai karatu ya san irin mutumin da kifi mai tsawon ɗan yatsa ya kunyata.

Maƙwabcina Malam Bitrus mutumin Filato ne, Kirista, aikin gwamnati ya kawo shi ƙasarmu. Katanga ɗaya ce tsakaninmu shekara ashirin da bakwai. Bayan rasuwar matarsa, 'yarsa da ke aiki a Ikko ta kawo masa wani akwatin gilashi mai cin ruwa kamar jarka uku, da kifaye biyar na teku a ciki, biyu ruwan lemo masu ratsin fari, uku shuɗaye. Ta yi haka ne don ya sami abin da zai ɗebe masa kewa. Kullum da la'asar sai ya ja kujera ya zauna gabansu, ko da yake cutar yanar ido ta riga ta fara rufe masa gani. Da lokacin aikin idon ya zo, aka ce ya tafi Jos. Ya sa aka ɗauko akwatin zuwa ɗakin karatuna, tare da faifan sola da batir da ɗan injin da ke juya ruwan, da bokitin wani gishiri na musamman, da manyan gorunan ruwa shida da wani direba ke kawo masa daga Kano, da wani ɗan ma'auni na roba mai allura a ciki.

Ya ce, "Alhaji, ga amana. Mako uku zan yi. Ba ni da wanda zan ba wa su sai kai."

Ya yi mini dogon bayani, har ya sa na ɗanɗana ruwan da yatsa. Na riƙa gyaɗa kai, amma gaskiya rabin kunne na ba shi, domin a zuciyata ina cewa wanda ya karɓi haihuwar raƙuma ba ya bukatar darasi a kan kifi. Ma'aunin nan kuwa na jefa shi cikin aljihun tebur.

Mako uku ya zama wata uku, domin likitoci sun ce sai an yi ido ɗaya ya warke sannan a taɓa ɗayan. Gorunan ruwa suka ƙare, direban kuma ya sauya hanya. Ban damu ba, saboda a tsakar gidana akwai rijiyar da kakana ya haƙa, wadda duk unguwa ta shaida zaƙin ruwanta. Na riƙa ɗiba ina tafasawa ina tacewa da farin ƙyalle. Zafin bazara kuwa yana shanye ruwan akwatin, kullum sai ya ja baya da kamar faɗin yatsa. Duk ruwan da zan ƙara sai na dama masa gishiri, domin a sanina dabba ba ta ƙin gishiri, balle wadda aka haifa a cikinsa.

Wata rana mai ɗakina, Hajiya Asabe, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallona ina damawa. Ta ce, "Alhaji, in miya ta ja baya a kan wuta, ruwa ake ƙara mata ko gishiri?"

Na ce, "Hajiya, wannan ba miya ba ce. Dabba ce, dabba kuwa fannina ne."

Ta ce, "Allah Ya ba da sa'a," ta koma madafa.

Ba a jima ba wani datti mai ruwan ƙasa ya lulluɓe gilashin da duwatsun ciki. In na goge da safe, kafin jibi ya dawo. Cikin mako guda shuɗaye biyu suka mutu, sauran ukun suka lafe a kusurwa suna haki. A ranar da na binne na biyun a gindin zogale, Malam Bitrus ya bugo waya ya ce, "Yaya yarana?" Na ce masa suna nan. Ban ce masa su nawa ba. Wannan amsa ta dame ni har ƙarshen labarin nan.

Na tambaya ta waya a Kano, wani mai shago ya ce lallai sai na sayi injin tace ruwa, ya faɗi kuɗin da ya kai na bajimin sa. Ba ni da shi a hannu, kuma ban ga yadda zan buɗe baki in roƙi 'ya'yana kuɗi saboda kifi ba. Sai na yi tunanin ko sauya ruwan kawai zai wadatar. Na hau motar haya zuwa Gagarawa na ɗebo kwalba guda daga rijiyar burtsatse ta unguwar ƙanwata. Kashegari na nufi Sule Tankarkar wurin tsohon aminina Arɗo Buba, wanda ke da rijiya mai zurfin gaske. Da ya ji abin da ya kawo ni, ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Likita, da saniya ka kawo da na san abin faɗa. Ɗebi ruwa, Allah Ya sauwaƙe maka." Na dawo da kwalabe, amma na rasa abin da zan gwada su da shi in ban da harshena, harshen kuwa rijiyar kakana ya zaɓa.

Ranar Alhamis na shiga kasuwar Maigatari na iske Alhaji Ilu, dillalin raƙuma, Badamagare, wanda muka shafe shekaru muna tsokanar juna. Na ba shi labari a asirce, shi kuwa ya yi dariyar da ta sa raƙumi ya waiwayo.

Ya ce, "Kai Bagumale, shanun duniya sun ƙare ne ka koma kiwon abin miya?"

Na ce, "Ilu, in kana da taimako ka yi, in babu ka mayar mini da maganata."

Sai ya natsu, ya ce ƙanwar matarsa, Madam Zainabu, ta yi shekaru tana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti, yanzu kuma ta buɗe shagon kayan tace ruwa a Damagaram. Ya ce in akwai mai gaya mini gaskiya ba tare da ya ɗora mini abin da ya fi ƙarfina ba, ita ce. A nan take na sayar da rago matsakaici da na zo da shi, na canza kuɗin zuwa sefa. Da yamma na dama jarka guda ta ruwan gishiri na ajiye wa Hajiya, na umarce ta ta riƙa ƙarawa kullum. Ta dubi jarkar, ta dube ni, ta ce a sauka lafiya.

Da hantsin Jumma'a muka isa iyaka, ni da Ilu da jakata mai kwalabe huɗu: na rijiyata, na Gagarawa, na Sule Tankarkar, da na akwatin kifin. A ɓangarenmu ba mu daɗe ba, domin cikin ma'aikatan akwai wanda na taɓa duba masa ragon layya. A ɗaya ɓangaren wani jandarma mai ladabi ya duba takardunmu, ya buɗe jaka, ya ɗaga kwalba ta huɗu wadda ruwanta ya ɗan yi duhu.

Ya ce, "Baba, wannan fa?"

Na ce, "Ruwan teku ne."

Ya ce, "Daga ina?"

Na ce, "Daga Gumel."

Ya dubi abokin aikinsa, ya sake dubana, ya tambaya cikin girmamawa ko wani magani ne. Bai ce in sha ba, wannan dole in faɗa. Ni ne raina ya sosu da a ce ana shakkar maganata, na karɓi kwalbar na kurɓa babban kurɓi. Jama'a, na sha kanwa, na sha maɗaci, amma ban taɓa sa abu irin wannan a bakina ba. Hawaye suka zubo mini, tari ya sarƙe ni, jandarman ya ruga ya kawo mini nasa ruwan sha, Ilu kuwa ya jingina da mota yana riƙe da ciki. Amma ko a cikin tarin na lura da abu guda: gishirin nan ya fi wanda Malam Bitrus ya ɗanɗana mini nesa ba kusa ba. Na yi shiru da wannan, na shiga mota.

Hayis ce, an cika ta da mutane da buhuna da akuya guda. Damina ta fara sauka, hanyar Dungas kuwa rairayi ce da taɓo. Sau biyu muka kafe. Duk maza suka sauka turi, ni aka ce in zauna saboda furfura, abin da ban yi musu a kansa ba. A kafewa ta biyu na lura akuyar wata mata cikinta ya kumbura kamar ganga, ta ci sabuwar ciyawa da yawa. Na tambaya ko akwai mai man gyaɗa, aka samu, na ɗura mata, na murza mata ciki har ta yi gyatsa. Matar ta yi ta sa mini albarka, ta ce da ganina an ga masanin dabba. Na ji daɗin maganar fiye da yadda ya kamata, domin a makon nan ina bukatarta. Mun sami Jumma'a a Magarya da ƙyar, muka shiga Damagaram gab da magariba.

A gidan Ilu na sauka, a ɗakin baƙi na cikin zaure. Mutanen Damagaram 'yan'uwanmu ne, harshe ɗaya, alƙibla ɗaya, amma suna da nasu. Burodinsu dogo ne kamar sanda, ɓawonsa tauri, babu sukari ko kaɗan, mai haƙoran roba irina sai ya jiƙa shi. Shayinsu sau uku ake zubawa a 'yan ƙananan kofuna, kuma wanda ya tashi bayan na farko ya yi rashin ladabi. Ƙidayar kuɗinsu da dala-dala ce, don haka na bar wa Ilu duk wani ciniki. Kilishinsu kuwa, ko da yake ba na son yabon abin wani gari a gaban namu, ya cancanci yabo. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda suke girmama ruwa. Jarkoki ne jere a kowace ƙofa ana jiran 'yan garuwa, butar alwala da aka ba ni rabin tamu ce, kuma na ga matar gidan ta tara ruwan wankin hannu ta kai wa bishiya. Mu da muke da rijiya a tsakar gida ba mu san abin da Allah Ya ba mu ba.

Da safe muka hau babura, waɗanda suke kira kabu-kabu, zuwa shagon. Madam Zainabu mace ce mai kimanin shekara hamsin, da tabarau a kan hanci, ba ta da yawan dariya. Ta gaishe ni da kyau, ta ba ni kujera, ta saurari labarina har ƙarshe ba ta katse ni ba. Sannan ta ce, "Bon, Baba, kawo kwalaben."

Ta ɗauko wani abu kamar alƙalami mai ɗan allon lamba a jiki. Ta ce shi yake faɗin yawan abin da ya narke a cikin ruwa wanda ido ba ya gani, kuma kifin teku na akwati yana son a fara da ruwan da lambarsa ta kusa sifili, sannan a zuba masa gishirinsa. Ta tsoma a na Gagarawa, ya nuna ɗari biyu da wani abu. Na Sule Tankarkar ya haura ɗari uku. Na miƙa mata na rijiyata ina murmushi. Ya wuce ɗari biyar.

Na ce, "'Yata, alƙalamin nan naki yana da lafiya kuwa? Wannan ruwan kakana ne. Mutum nawa ya raina, babu wanda ya taɓa ciwon ciki. Na kuma tafasa shi."

Ta ce, "Baba, ban ce ruwanka ba shi da kyau ga mutum ba. Tafasawa tana kashe ƙwayar cuta, amma ba ta fitar da abin da ya narke, sai ma ta ƙara masa kauri." Ta zuba mini wani ruwa a kofi daga injinta, ta tsoma alƙalamin ya nuna sifili, ta ce in sha. Na sha. Babu zaƙi, babu ɗaci, babu komai, kamar na haɗiyi iska mai sanyi. Ta ce, "Ka ji? Zaƙin da harshenka ke yabo a rijiyarka, ƙasa ce da dutse da suka narke a ciki. A cikinsu akwai abin da dattin nan mai ruwan ƙasa yake ci yana ƙiba."

Na ajiye kofin. Ta jawo aljihun tebur ta fito da wani ma'auni na roba mai allura, ɗan'uwan wanda na jefar a gida, ta cika shi da ruwan kwalba ta huɗu. Allurar ta tashi ta buga can ƙololuwa ta tsaya. Ta cire tabarau ta dube ni.

Ta ce, "In ruwa ya ragu, me kake ƙarawa?"

Na ce, "Ruwa da gishiri."

Ta ce, "Rana ruwa take sha, ba ta shan gishiri. Gishirin yana nan inda yake. Baba, ba ka da mata a gida? Ai ko mai miya ta san wannan."

Ilu ya ce, "Yana da ita, wallahi, kuma na rantse ta gaya masa." Na ce masa ya fita ya duba ko an kawo raƙuma. Amma nan take na tuna jarkar da na bar wa Hajiya da umarnin da na ba ta. Layina ba ya aiki a can, na karɓi wayar Ilu na buga gida. Maganar tana yankewa, abin da na iya ji kawai shi ne Hajiya tana cewa, "Suna nan, Alhaji, ka dawo lafiya." Na san sarai abin da irin wannan amsa take iya ɓoyewa, domin ni ma na yi ta.

Muka koma kan zaɓen inji. Iri uku ta nuna mini. Na farko tukunyar tacewa ce mai ƙoƙon yumɓu a ciki, mai arha ƙwarai, ta ce tana tare laka da ƙazanta, amma abin da ya narke wucewa yake yi, don haka ba ta da amfani ga kifi. Na biyu babban inji ne fari mai gidajen tacewa bakwai da tanki da fitila shuɗiya, irin wanda aka gaya mini a Kano. Idona ya tsaya a kansa. Na fara lissafin ko in bar agogona da alkyabbata jingina, domin na ga in Malam Bitrus ya dawo ya iske wannan a ɗakina, zai san ban yi wasa da amanarsa ba.

Ta ce, "Wannan na sha ne. Gidansa na ƙarshe mayar wa ruwa ɗanɗano yake yi, wato ka biya kuɗi a cire abu, ka sake biya a mayar da shi. Ruwa nawa kake bukata a mako?"

Na ce kamar jarka ɗaya.

Ta ce, "To, don jarka ɗaya za ka sayi abin da zai shayar da makaranta?"

Ta ɗauko na uku daga ƙasan kanta, ƙarami, ba shi da kyan gani, gidaje huɗu a jikin ƙarfe guda. Ta buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Na farko zare ne a dunƙule mai kama laka. Na biyu gawayi ne. Na uku wata fata ce nannaɗe mai ƙofofin da ido ba ya gani, ita ce zuciyar injin. Na huɗu cike yake da wasu 'yan ƙwayoyi kamar gero, shuɗaye, waɗanda ke kama ɗan abin da ya tsere wa fatar, kuma in sun gaji launinsu yana komawa ruwan ƙasa, a san lokacin sauyawa ya yi. Ta ce wannan gida na huɗu shi ne bambancin injin kifi da injin sha. Ta tambayi tsawon tankin gidana, na ce bai wuce kan ɗaki ba. Ta ce ƙarfinsa ba zai tura ruwa ta cikin fatar ba, sai da ɗan famfo ƙarami wanda batirin sola zai iya ɗauka. Ta kuma gaya mini aibin injin ba tare da na tambaya ba: ɗigo-ɗigo yake bayarwa, kuma duk kofi ɗaya mai kyau, kamar uku ne za su fita ta wani tiyon. Ta ce su a Damagaram ba sa zubar da shi, wanki suke yi da shi.

Tambaya ɗaya na yi wadda ta sa ta gyaɗa kai. Na ce in zaren da gawayin sun ƙare, sai na sake ƙetare iyaka? Ta ce a'a, ta zaɓa mini mai girman da kowa ke amfani da shi, za a samu a Kano. Ta ce mai sayen inji ya fara tambayar abin da zai ci kafin ya tambayi kuɗinsa, ni kuwa na ce haka muke gaya wa mai sayen doki. Ta gargaɗe ni kada in sauke gishirin akwatin a rana ɗaya, sai kaɗan-kaɗan, domin sauyin gaggawa shi ma kisa ne. Injin da famfon da alƙalamin awo da zare biyu na ajiya, duka kuɗin ragon nan ya ɗauke su, har ya bar mini na mota da na kilishi.

Ilu ya so in ƙara kwana, na ƙi. Lahadi da sassafe na kama hanya ni kaɗai da kwali a kan cinya. A kan iyaka jandarman nan ya hango ni ya ce, "Baba mai ruwan teku, yau ba za a kurɓa ba?" Na ce masa na ƙoshi har abada. Daga Maigatari zuwa Gumel tafiya ce gajera, amma ban taɓa jin tsawonta kamar ranar ba.

Na shiga gida ko takalmi ban cire da kyau ba, na wuce ɗakin karatu. Kifayen suna nan, su uku. Kuma ba a kusurwa suke ba, masu ruwan lemon nan biyu suna ta kai da kawo a gaban gilashi. Na waiwaya na ga jarkar da na dama tana bayan ƙofa, cike, ko murfinta ba a taɓa ba. Hajiya ta shigo da sallama, ta ce tun ranar da na tafi aka yi ruwan sama sau biyu. Ta bari na farko ya wanke sararin sama, sannan ta shimfiɗa sababbin kwanoninta a tsakiyar tsakar gida, nesa da indararo, ta tara. Shi take zuba musu, kofi ɗaya da safe, kofi ɗaya da yamma, ba gishiri. Na ciro alƙalamin na tsoma a ragowar, lambar ba ta kai ashirin ba.

Ta ce, "Na saɓa umarninka, Alhaji. Ka yi haƙuri."

Na daɗe ina kallon alƙalamin. Sannan na ce, "Hajiya, ashe miya ce."

Ba ta yi dariya a gabana ba, Allah Ya saka mata. A madafa na jiyo ta.

Mai gyaran famfo ya haɗa injin a gindin tanki cikin awa guda. Ruwan sama na wata uku ne, injin kuwa na shekara ne, don haka tafiyar ba ta zama banza ba. Na ciro ma'aunin roba daga aljihun tebur na ba shi matsayinsa. Kowane mako nakan sauya ɗan kaso na ruwan, allura tana saukowa sannu a hankali har ta zauna inda aka yi mata alama. Cikin mako biyar dattin ya janye, duwatsu suka fito fes. Tiyon ruwan da ake zubarwa kuwa Hajiya ta karkata shi zuwa zogalenta.

Malam Bitrus ya dawo ana tsakiyar damina, sanye da baƙin tabarau. Na tare shi a ƙofar ɗakin kafin ya shiga, na ce, "Bitrus, tsaya. Biyar ka ba ni, uku za ka tarar. Biyu sun mutu a hannuna, saboda taurin kaina, kuma ranar da ka tambaye ni na ɓoye maka."

Ya ce, "Na sani, Alhaji. Kai da in an tambaye ka lafiyar akuya sai ka yi awa guda kana bayani, ka ce mini suna nan ka yi shiru? Tun ranar na san an yi rashi. Abin da ban sani ba shi ne ko zan tarar da ko ɗaya."

Ya shiga, ya ja kujera, ya cire tabarau. Ya zuba wa kifayen ido. Can ya ce a hankali, "Ashe haka launinsu yake. Shekara biyu ina zaune gabansu, inuwa kawai nake gani tana wucewa."

Na fara yi masa bayanin injin, gida na ɗaya da na biyu, na ɗauko kofi zan zuba masa ruwan sifili ya ɗanɗana. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni, idonsa na kan gilashin.

Ya ce, "Bar wa kifi nasu. Ni dai a ɗebo mini na rijiya. Wata uku ina Jos, babu ranar da ban yi kewarsa ba."

Ban aiki kowa ba. Ni da kaina na ɗauki guga.